FILIN ILMI: Guzurin Mai Neman Digirin Dakta Daga Katuzu

Unguwar Katuzu ta garin Gashuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bade a arewacin Jihar Yobe, ba baƙuwa ba ce ga masu sauraron labaran zaɓe, domin kuwa a can ne Sanata Ahmad Ibrahim Lawan, wanda ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, ya jefa ƙuri'arsa a zaɓen 2023. To, amma abin da ya kawo zancensa wannan fili ba siyasa ba ce, kalmar nan ce ta "Dakta" da ke gaban sunansa, da kuma yawan shekarun da ta ci kafin ta samu. Ya sami digirinsa na farko kan ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri cikin 1984, na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1990, sa'an nan na uku a Jami'ar Cranfield ta Ingila cikin 1996, kan ilmin nazarin ƙasa ta hanyar hotunan da ake ɗauka daga sama. Shekara 12 ke nan tsakanin digirin farko da na ƙarshe, a garuruwa uku, ɗaya daga cikinsu ma a ƙetaren teku.

A wancan zamani babu jami'a ko ɗaya a ƙasar da ta zama Jihar Yobe cikin 1991. Yau kuwa al'amari ya sake. Akwai Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu tun 2006, akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa kanta tun 2013, ga Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a garin, ga kuma Kwalejin Ilmi da Nazarin Shari'a da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Nguru. Waɗannan wurare sun tara samari da 'yan mata masu digiri na biyu, waɗanda ke shiga aji kullum suna koyarwa, amma kowannensu ya san akwai ƙofar da ba za ta buɗe masa ba sai da digiri na uku. A yawancin jami'o'in ƙasar nan malami ba ya hawa muƙamin babban lakcara sai yana da shi, balle a yi zancen farfesa. Ita ma jami'ar haka abin yake gare ta, domin sashen da ba shi da isassun daktoci ba zai iya buɗe karatun gaba da digirin farko ba. Ashe ke nan maganar ta wuce ta ado da suna. Magana ce ta abincin malami da iyalinsa, da kuma ko sabuwar jami'a za ta tsaya da ƙafafunta ko kuwa za ta dawwama tana aron malamai daga Maiduguri da Kano.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen fom. Mutum ya ji an buɗe ɗaukar ɗalibai a wata jami'a, sai ya yi maza ya cika takardu, ya biya kuɗin rajista na shekarar farko daga albashinsa, sa'an nan daga baya ya fara tambayar wa zai ba shi hutu, wa zai biya sauran kuɗin, me ma zai bincika. Irin wannan shi ne a yi ɗaurin kaya bayan jaki ya kama hanya. Abu uku ne ya kamata su ƙullu da juna tun kafin a taɓa fom, watau tsarin da za a bi a yi karatun, da inda kuɗi zai fito, da tambayar da za a bincika, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana yanke wa sauran biyun hukunci.

A fara da tsarin karatu. Jami'o'in Nijeriya suna da hanya biyu. Akwai karatun cikakken lokaci, wanda bisa ƙa'ida ba ya kasa shekara 3, ɗalibi kuma ana sa ran ya ajiye aikinsa ya tare a jami'a. Akwai kuma na rabin lokaci, wanda mutum ke yi yana riƙe da aikinsa, aka kuma ƙara masa shekaru a kan na farkon. A takarda hanya ta biyu ta fi daɗin ji, musamman ga magidanci: albashi na shigowa, iyali na kusa, gona ba ta mutu ba. Amma fa a dubi taswira. Malamin da ke zaune a Katuzu, wanda ya yi rajista a Jami'ar Bayero ta Kano, in zai ga mai duba aikinsa sai ya bi ta Nguru ya ratsa Jihar Jigawa, tafiyar da ke cinye masa yini guda zuwa, yini guda dawowa. In Zariya ce, sai a ƙara. In Maiduguri ce, sai ya gangara Damaturu tukuna sa'an nan ya yi gabas. Idan ya isa ya tarar malamin ya tafi wani taro, ko an ɗage zaman da za a saurari babinsa, to kuɗin mota da na masauki sun tafi a banza, ga kuma ɗalibansa na Gashuwa da ya bari ba darasi. Bayan irin wannan ta faru sau uku ko huɗu, sai zuwan ya fara ja da baya, daga wata-wata ya koma sau biyu a shekara, daga nan sai a ji ana cewa wane ai yana nan yana digirinsa, alhali kuwa kundin ya shekara biyu ba a buɗe shi ba.

Wannan ba yana nufin karatun rabin lokaci ba shi da amfani ba. Ya dace da wanda bincikensa na littattafai ne da hira da mutane, kamar mai nazarin tarihi ko harshe ko shari'a, wanda kuma ya sami shugaban sashe mai adalci da zai rage masa nauyin koyarwa. Amma ga mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda samfurin jini ko na ruwa ba zai jira shi sai ya gama maka takardun jarrabawa ba, hanyar tana da wuyar ɓullewa. Babban aibinta kuma shi ne kusan babu mai ɗaukar nauyinta. Wanda ya zaɓe ta, to ya zaɓi aljihunsa ke nan.

A nan ne zancen kuɗi ya shigo, kuma ga malamin makarantar gwamnati sunan da zai fara ji shi ne TETFund, watau Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu. Asalinsa dokar harajin ilmi ce ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu, bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i. Dokar 2011 ce ta ba shi sunan da aka san shi da shi, ta kuma keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati kaɗai. An ɗaga harajin har ya kai kashi 3 cikin 100 a 2023, kafin sababbin dokokin haraji na 2025 su haɗe shi da waɗansu haraje-haraje. Abin da ya kamata mai nema ya gane shi ne, ba a zuwa Abuja da takarda a ce ana son sukolashif ɗin wannan asusu. Makarantar da mutum ke wa aiki ita ke da kason kuɗinta na shekara, ita ke tsayar da sunayen malamanta, ita ke aikawa. Saboda haka dole ya kasance malami ne tabbatacce a wurin, dole ya riga ya sami gurbin karatu, dole karatun ya zama na cikakken lokaci, sa'an nan ya sa hannu a yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa makarantar aiki bayan ya gama. Malamin sakandare, da ma'aikacin asibiti wanda ba ya koyarwa, da saurayin da bai sami aiki ba tukuna, duk wannan ƙofa ba tasu ba ce, gara su sani da wuri su nemi wata.

Shekaru da dama asusun ya riƙa tura malamai Ingila da Malesiya da sauran ƙasashe. Abu biyu suka karya wannan tsari. Na farko faɗuwar Naira: kafin watan Yuni na 2023 ana canjin Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma cikin watannin farko na 2024 ta haura Naira 1,500, ɗaliban da aka yi wa lissafi da tsohon farashi suka wayi gari kuɗin hannunsu bai kai rabin abin da ake binsu ba. Na biyu cin amana: cikin 2023 shugaban asusun, Sonny Echono, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Wakilai cewa fiye da malamai 137 da aka tura waje sun ƙi dawowa. A ƙarshen 2024 asusun ya ba da sanarwar dakatar da tura sababbin ɗalibai waje daga ranar 1 ga Janairu, 2025. Waɗanda suka gudu suna can suna cin moriyar guduwarsu, wanda ya biya bashin kuwa shi ne ƙaramin malamin Gashuwa da layi bai kai kansa ba. Cikin 2025 ɗin kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar tsayar da sukolashif ɗin nan na yarjejeniya tsakanin Nijeriya da ƙasashe irin su Maroko da Rasha da Hangari, bayan ɗaliban da ke can sun daɗe suna kukan rashin biyansu alawus.

Sauran ƙofofin waje ba su rufe duka ba, sai dai kowace da irin mabuɗinta. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, na fannonin da suka danganci man fetur da makamashi ne, ba ruwansa da mai nazarin adabi. Sukolashif ɗin ƙasashe renon Ingila, wanda aka fara cikin 1959, yana da gasa mai zafi, ana kuma rufe karɓar takardunsa kusan shekara guda kafin a fara karatu. Jamusawa suna da hukumarsu ta DAAD, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da nasa. Akwai kuma ƙofar da mutanenmu ba su cika ƙwanƙwasawa ba, watau kuɗin da jami'ar waje ita kanta ke bai wa ɗalibin da ta ga yana da hazaƙa. Ta irin wannan hanya ce Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin Nguru, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Maiduguri, ya yi na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila kan ilmin ƙwaƙwalwa, ya kammala cikin 2017. Irin wannan kuɗi ba ya bi ta hannun kowane ofishi a Nijeriya. Abin da yake bukata shi ne sakamako mai kyau, da takardar tsarin bincike da aka rubuta da hankali, da malamin can da ya karanta ta ya ce yana so.

Labarin Dakta Maina yana da wani ɓangare da ya fi wannan muhimmanci ga mai shirin karatu a yau. Cikin 2021 ya jagoranci kafa wata cibiyar bincike da horarwa kan kimiyyar lafiya, wadda ake kira BioRTC, a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na'urorin da a da sai an ƙetare teku ake ganin irinsu. Ma'anar wannan ita ce, wani sashe na aikin da a 1996 sai a Ingila za a yi shi, yanzu ana iya yin sa a cikin jihar. Wannan ya sa tsari na uku, wanda ake iya kira raba-ƙafa, ya cancanci a dube shi da kyau: ɗalibi ya yi rajista a jami'ar gida, ya yi yawancin aikinsa a gida, sa'an nan ya tafi wata jami'ar waje na 'yan watanni domin abin da ba ya samuwa a nan. Hukumar sukolashif ta ƙasashe renon Ingila tana da irin wannan shiri na wata 12 ga wanda ya riga ya yi rajistar digirin dakta a ƙasarsa, muddin akwai alaƙa tsakanin malaminsa na gida da na can. Kuɗinsa bai kai na shekara 3 a waje ba, iyali ba su daɗe ba uba ko uwa ba, kuma wanda kundinsa da digirinsa ke gida ba shi da dalilin ƙin dawowa.

Ga ɗan Gashuwa da Nguru kuwa, raba-ƙafar tana da wata fa'ida ta musamman, domin abin binciken yana bakin ƙofarsa. Kowa a ƙasar Bade ya san ciwon ƙoda, ya san gidajen da ya shiga, ya san abin da wankin ƙoda ke yi wa dukiyar iyali. An daɗe ana zargin ruwan sha, ana zargin magungunan feshi, ana zargin zafin rana da ƙishirwar manoma da masunta, masu bincike kuma, har da na cibiyar nan ta Damaturu, sun shiga aikin tantance gaskiyar lamarin. Wanda zai bi marasa lafiya da rijiyoyinsu shekara da shekaru, yana jin Badanci da Hausa da Barbarci, tsofaffi suna sakin jiki da shi, ya fi baƙon da zai zo na mako biyu ya koma. Haka nan dausayin Haɗeja da Nguru: tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992 tafiyar ruwa ta sake, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, gonakin shinkafa da wuraren su suka taɓu. Akwai digiri a nan ga mai ilmin ruwa, da mai ilmin tsirrai, da mai ilmin tattalin arziki. Har harshen Bade kansa, wani Ba'amurke ne, marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, ya yi ta nazarinsa tun cikin shekarun 1970 tare da na Ngizim, wanda ya wallafa wa ƙamus cikin 1981. Masu ba da kuɗi na waje sun fi sauraron mai tambayar da ba za a iya amsa ta a ko'ina ba sai a garinsu, fiye da wanda ya kwafo take daga kundin wani ya sauya sunan gari kawai.

Sai dai a yi hattara da lissafi. Mutane da yawa in an ce kuɗin karatu, kuɗin rajista kaɗai suke hange, alhali kuwa a digirin dakta shi ne ƙarami. Manyan su ne sinadaran gwaji, waɗanda yawancinsu da Dala ake sayowa, da kuɗin auna samfur, da man babur na shiga ƙauyuka, da ɗan abin da za a bai wa masu taimako, da kuɗin buga maƙala a mujallar ilmi, tun da jami'o'i da yawa ba sa bari a kare kundi sai an buga wani abu daga cikinsa. Daɗin daɗawa, mai ba da sukolashif shekaru yake ƙidayawa, ba ya ƙidaya uzuri. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya shiga karatu kafin waɗannan biyu ya yi hasarar kusan shekara ɗaya da rabi ba da laifinsa ba, kuɗinsa kuma ya ƙare kafin aikinsa. Mai hankali zai yi lissafin shekara 4 ko 5 ko da takarda ta ce 3, ya kuma ajiye wani abu domin shekarar da ba wanda zai biya.

Zancen hutu shi ma a rubuce ake yin sa. Akwai hutun ƙaro ilmi da albashi, akwai wanda ba albashi, tsakaninsu kuwa akwai tazarar da ke iya raba mutum da gidansa. Alkawarin baki na shugaban sashe ba ya tsallake ranar da aka sauya shi. A sami takarda mai sa hannu, wadda ta faɗi ranar farawa, da ranar ƙarewa, da abin da zai faru in an nemi ƙari, da shekarun da za a yi wa makaranta aiki bayan dawowa. Haka kuma mai duba aiki: kafin a biya ko kwabo a je a gan shi, a tambayi ɗaliban da ke hannunsa su nawa ne, nawa suka gama cikin shekara 5 da suka wuce, saura shekara nawa ya yi ritaya. Sunan jami'a ba ya karanta babi, mutum ɗaya ne ke karantawa, in shi ɗin ba ya da lokaci to girman jami'ar bai amfana wa ɗalibi kome ba.

Mata kuwa nauyinsu ya ninka. Malamar da ke da goyo a Gashuwa ba za ta iya kwana uku a Kano duk wata ba sai da yardar miji da taimakon dangi, sau da yawa kuma shekarun da ake ba da sukolashif su ne daidai shekarun haihuwa da reno. Maganar da ba a yi ta a gida tun farko ba, ita ce ke tasowa a tsakiyar babi na uku. Makarantun yankin za su iya sauƙaƙa wannan ba da kashe kuɗi mai yawa ba, ta hanyar rage wa irin waɗannan malamai darussa a zangon da suke rubutu, da kuma yarda a riƙa ganawa da mai duba aiki ta intanet a duk inda jami'ar da ke ba da digirin ta amince.

Akwai kuma abin da ya rage wa hukuma. Jihar Yobe tana da hukumar ba da sukolashif, kuma abin da aka saba gani a jihohi shi ne a biya kuɗin makaranta a ɗauka an gama. Ga mai digirin dakta wannan bai kai rabin hanya ba. Da za a keɓe wani kaso domin kuɗin bincike zalla, a ce ga tambayoyin da jihar ke son amsarsu, ciwon ƙoda, kacala, ambaliyar Kogin Yobe, kwararowar hamada a Yusufari da Machina, a kuma buɗe gasar ga kowa har da ma'aikatan asibiti da na gona waɗanda TETFund ba ta san da su ba, da kuɗin da ke kai mutum ɗaya Ingila ya ishi mutane da dama su gama a gida. Sharaɗin da za a gindaya musu ba mai wuya ba ne: kowa ya ajiye kofe ɗaya na kundinsa a laburaren Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ya kuma taƙaita abin da ya gano cikin shafi biyu na Hausa, a karanta wa masu unguwanni da limamai a fadar Mai Bade.